Ranar da Injin Wanki Ya Riƙe Kayan Tabawa

Ku bar ɓarar gyaɗar nan haka, ba gudu za ta yi ba. Ku kuma 'yan mata ku kife wayoyinku a cinya, shari'a na kawo muku daga garinmu. Ba tuwon suna kaɗai ya kawo ni ba. Na tambayi mutanen unguwarmu, kowa ya karkata wajen wanda suke ɗasawa da shi, shi ya sa na ce bari in kawo wa waɗanda ba su san kowa a cikin maganar ba. Ku saurara har in kai aya. Wanda ya katse ni ba shi da bakin magana a ƙarshe.

Ina da aminiya, Tabawa mai daddawa. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu shekara arba'in da wani abu, in ta yi tari ina ji, in na ƙona miya ita ke fara sani. Tun mijinta na da rai take da burin zuwa Makka, ya rasu ta ci gaba da dakan kalwarta, sai bana Allah ya kira ta zuwa Ɗakinsa. Shekarunta saba'in da biyu, gwiwa ta fara yi mata gardama. Ita kanta ta san idan bana ta wuce ta, ba lallai ne baɗi ta same ta da ƙafar ɗawafi ba.

Kun san ana ba maniyyata atamfa iri ɗaya su ɗinka, yunifom ɗin alhazai, don a riƙa gane 'yan gida ɗaya a cikin taro. Jami'in alhazai na wajenmu mutum ne mai tsare doka. Tun a wurin bita ya ja musu kunne cewa duk wanda ya zo ranar tafiya ba ya sanye da shi, ko ubansa ne ba zai taka motar ba. Tabawa ta kai nata aka ɗinka riga da zane da hijabi, saiti ɗaya tak. Maimakon ta ninke ta ajiye, sai ta saka ta shiga gari sallama. Ban ga laifinta ba, da ni ce har kasuwa sai an gan ni da shi.

Duk gidan da ta shiga sai an ce a sa mu a addu'a, kowa kuma da damuwarsa. Wasu maniyyatan rubutawa suke yi a takarda ko a waya. Tabawa ba ta yi boko ba, na allon ma iyakarta abin sallah. Sai ta ce kowa ya ba ta ɗan wani abu ƙarami wanda in ta gani za ta tuna shi da buƙatarsa. Kafinta ya ba ta 'yar ƙusa, tela ya ba ta maɓalli, ladan ya ba ta ƙwayar carbi. Wata ta ba ta wuri, wata ɗan kunnen da ɗan'uwansa ya ɓata, wani tsoho ya tsotse dabino ya miƙa mata ƙwallon. Ni na zaro fil daga ɗankwalina na ba ta. Ta tattara su goma sha bakwai ta ƙulle a haɓar zanen yunifom ɗin, wurin da mu tsofaffi muke ajiye duk abin da ba ma so ya ɓata.

A gidan take zaune da surukarta Hansatu, matar ɗanta na tsakiya. Shi direban babbar mota ne, a lokacin yana can hanyar kudu. Hansatu malamar firamare ce, 'yar birni, da injin wanki aka kawo ta cikin kayan ɗaki, irin mai ƙofar gilashi a gaba. Ranar da aka sauke shi mun sha tsegumi, muka ce yarinyar da ba za ta iya cuɗa tsumma ba ina za ta iya tuƙa tuwon gidan Tabawa. Ta ba mu kunya. Tuwonta ya fi nawa laushi, kuma in za a faɗi gaskiya zanen gadona ya sha shiga injin nan.

An gaya wa su Tabawa sai mako mai zuwa jirginsu zai tashi. Ranar Litinin da hantsi Hansatu ta shinshina yunifom ɗin ta ji abin da ta ji, don kwana biyar tsohuwa na yawo da shi, har madafar daddawa ta leƙa a cikinsa. Ta ce da ita cikin ladabi a kawo ta wanke, kada a shiga jirgi a ɗauka miya aka ɗora. Tabawa ta yi dariya ta tuɓe ta ba ta. Hansatu ba ta sa kaya a injin sai ta lalube aljihu, ranar ma ta lalube na rigar, har ta ciro ɓarin goro. Amma yarinyar da ta tashi da jakar hannu ba ta san zane ma yana da aljihu ba. Ita kuma mai ƙullin, hankalinta na kan guzuri, ta manta da shi sam.

Injin ya ja ruwa, ya juya, ya yi kumfa, komai daidai. Da lokacin zubar da ruwan ya yi sai ya tsaya. Ba mutuwa ya yi ba, yana ta wani gurnani ƙasa-ƙasa, 'yar fitila ja tana ƙyaftawa. Ruwa har rabin gilashi, zanen Tabawa na kwance a ciki muna kallonsa. Hansatu ta ja ƙofar ta ƙi buɗuwa. Ashe haka aka ƙera shi, muddin akwai ruwa a cikinsa ba ya sakin ƙofa. Ba wanda ya damu sosai, tunda a ganinmu akwai mako guda a gaba. Ina zaune a tsakar gidan ina taya Tabawa ɗaura yajin guzuri, har ina tsokanarta cewa injin ma daddawar ce ta buge shi.

Sha ɗaya da rabi wayarta ta yi ƙara. Jami'in alhazai ne da kansa. An matso da jirginsu, kowa ya hallara a sakatariya, mota za ta tashi zuwa sansanin alhazai ƙarfe ɗaya daidai, wanda bai zo ba kuwa a bar shi. Mai gyaran irin wannan injin ɗaya ne a garinmu. Aka buga masa, ya ce yana Kano wajen sayen kayan aiki, sai gobe. Aron yunifom kuma ba a ma maganarsa, duk mai shi a ranar yana jikinsa.

Na ga Tabawa ranar da aka fita da gawar mijinta, na gan ta ranar da gobara ta cinye mata rumbu, ban taɓa ganin ta karaya haka ba sai ranar. Ta zauna daɓas a ƙasa. Tausayinta ya kama ni. Kafin sha biyu 'ya'yanta biyu da ke gari suka iso, Lantana babbarsu daga tasha, Haladu autanta daga fadama a kan babur. A wurin bita malami ya gaya wa maniyyata cewa addu'ar da mutum ya yi a farkon ganinsa da Ɗakin Allah ana kyautata zaton ba a mayar da ita. Ni ba malama ba ce, abin da ta gaya mini nake gaya muku. Tabawa ta ɗago ta dubi su ukun, 'ya'yan biyu da Hansatu, murya a sanyaye, ta ce, "Duk wanda ya yi sanadin da na hau motar nan, sunansa ne zai fara fita daga bakina idan idona ya sauka a kan Ka'aba. Allah ne shaida."

Lantana ta miƙe. Ta ɗauki jakunkunan tafiyar ta fice, muka ɗauka ta fid da rai ne ko zuciya ta yi.

To, ga abin da Hansatu ta yi. Tana da ciki wata biyar, ya riga ya fito, ba tonon asiri nake yi ba. Uku kafin shi duk sun zube, biyu a daidai wannan watan, likita kuma ya hana ta sunkuyo da ɗaukar ko da bokiti. Duk da haka ita ce ta fara durƙusawa a kan jiƙaƙƙen simintin nan. Ta zare wayar injin daga soket tukuna. Ta leƙa baya ta bi tiyon da ke kai ruwa kwata da hannu, tun daga gindi har baki, ko ya lanƙwashe ko wani abu ya danne shi, ta tarar lafiyarsa lau. Ta zuba ruwa a kwatar ko ita ce ta toshe, ruwa ya wuce. Sannan ta mayar da wuta, ta kara kunne a jikin injin, ta ce kowa ya yi shiru. Ta daɗe tana saurare. Da ta ɗago sai ta ce famfon da ke tura ruwa waje bai mutu ba, da ya mutu ba za a ji motsinsa ba. Gurnanin nan yana nufin yana so ya juya, wani abu ya tokare shi, kuma daga can ƙasa ta hannun dama ƙarar take fitowa.

Haladu mutum ne mai zafin nama, hannunsa kan riga kansa. Bai tsaya jin wannan bayani ba, ganin uwarsa zaune a ƙasa ya ishe shi. Ya sunkuci taɓarya ya nufi gilashin. Ni ma zuciyata na tare da shi, har na ce a fasa kawai, ai ba injin ne zai yi mata Arfa ba. Hansatu ta miƙe da cikinta ta tare ƙofar. Ba injin take karewa ba. Ta ce gilashin nan in ya tarwatse cikin zanen zai shige ya yayyanka shi, wanda bai yanka ba ya maƙale a zare, tsohuwa ta yi wata guda tana ɗaura ƙaya a jikinta. Kun san wasan da ke tsakanin mace da ƙanin mijinta, da shi ta sauke shi. Ta ce, "Haba sarkin fadama, injin ban ruwanka in ya shaƙe taɓarya kake sa masa?" Dariya ta ƙwace masa ba don yana so ba, ya jingine taɓaryar.

Ta ɗauki cokali ta ɓanɓare wata 'yar ƙofa a ƙasan injin, wadda mu duk zamanmu da shi ba mu san da ita ba. A ciki akwai wani marfi zagayayye. Ta ce bayansa ne rariyar da ke tare datti take, bayan rariyar kuma farfelar famfon. Ta murɗa marfin, ya ɗan motsa ya cije, ta sake ya ƙi. A lokacin ne Tabawa ta dubi gilashin da kyau ta hango haɓar zanenta a warware tana lilo cikin ruwa. Ta dafe kai ta ce amanar mutane. Sai a nan muka gane abin da injin ya haɗiye. Nan kuma sanin Hansatu da ƙarfinta suka tsaya.

Ga kuma abin da Haladu ya yi. Manomin rani ne, fadamar ubansu ce a hannunsa. Shekara biyu a jere ambaliya na cinye masa shinkafar damina ana gab da yanka, har ya fara maganar sayar da fadamar ya tafi birni ya yi acaɓa, maganar da ke hana Tabawa cin abinci. A ranar shinkafarsa ta rani ta yi ciki, kuma layinsa ne na shan ruwa a magudanar da suke rabawa. Wanda ya bar layinsa sai bayan kwana huɗu, ga zafin bazara. Ya bar shi ya taho ba tare da ya gaya wa kowa ba, daga baya na ji a bakin maƙwabcin gonarsa.

Da aka nuna masa inda ciwon yake, sai ya zama wani mutum daban, don famfo kam ya san shi ciki da waje. Ya ce ba a taɓa komai sai an fitar da ruwan, in aka karkata injin da shi a ciki wayoyin wuta zai bi. Ya zare wuta, ya sauko da bakin tiyon har ƙasa ya sa a baho, sai ɗiga kawai yake yi. Ya kafa baki ya zuƙa, yadda yake yi wa tiyon ban ruwa in ya sha iska. A zuƙa ta uku ruwan omo mai ɗanɗanon daddawa ya cika masa baki har maƙogwaro. Ya yi tari har idonsa ya kaɗa, amma ruwa ya taho, siriri kamar na bakin buta. Duk sanda ya ɗauke sai ya sake zuƙa. Baho huɗu na kwashe da hannuna, ya ci mana fiye da rabin awa.

Sannan ya karkata injin ya jingina da bango, ya tokare shi da turmi, ya kwanta rigingine a cikin caɓin ya cusa kai ƙarƙashi. Hansatu ta haska masa da fitilar waya. Ya sa filaya ya saki ƙarfen da ya maƙure wani baƙin tiyo mai kauri da ke shiga famfon, ya zare shi. Sai ga kayan mutane suna zubowa a kan ƙirjinsa. Yana miƙowa Tabawa na karɓa tana kiran masu su, wannan na tela ne, wannan na ladan, wannan na matar mai unguwa. Goma sha shida suka fito, farfelar kuma ba ta juya ba. Ya cusa yatsa can ciki wani abu ya soke shi har jini. Bai janye ba, ya lallaɓa ya zaro shi. Kunya ba za ta hana ni faɗa ba, fil ɗina ne. Ya lanƙwashe ya gitta tsakanin farfelar da marfin nan, shi ya hana wannan juyawa ya hana wancan buɗuwa.

Ya mayar da komai yadda yake ya tsayar da injin. Hansatu ta sa shi ɗauraya gajeriya da matsa. Ruwa ya ɓarke a kwata da ƙarfinsa, ban taɓa jin ƙarar kwata ta yi mini daɗi haka ba. Ƙofar ta ce ƙas ta buɗe. Muna cikin hamdala wani ya dubi agogo, ɗaya da rabi. Mota kuwa ƙarfe ɗaya aka ce. Tabawa ta rungume zanen a ƙirji ta ce Allah bai nufa ba ke nan.

Saura Lantana. 'Yar fari ce, kun kuma san alkunya, shekara hamsin da ɗaya Tabawa ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai ta ce waccan, ko mai abinci. Abinci take sayarwa a bakin tasha, ta san halin mota da direba kamar yunwar cikinta. Tun da ta dubi injin nan ta dubi rana ta gane ko an buɗe shi lokaci ba zai kai ba, abin da mu da muka zuba wa gilashi ido ba wanda ya tuna. Ta je sakatariya ta sa aka loda jakunkunan, ta ajiye buta da dardumar uwarta a kujerar bakin taga. Ta roƙi jami'in ya ɗan jinkirta, ya ce jirgi ba ya jiran kowa, ba zai sa mutum hamsin da wani abu su rasa tafiya saboda mutum ɗaya ba. Gaskiya ya faɗa, ita ma ba ta ja da shi ba.

A garinmu motar alhazai ba ta juya taya sai Liman ya yi addu'a an shafa. Ta hango shi zaune a gindin darbejiya, ta je ta durƙusa ta gaya masa gaskiyar abin da ke faruwa, ba ƙari ba ragi. Tsohon ya ce, "Ni ba ni da ikon riƙe mota, 'yata. Amma wanda ya roƙe ni addu'a ban taɓa hana shi ba."

Ɗaya saura minti biyar kowa ya shiga, 'yan rakiya suka kewaye motar, Liman ya ɗaga hannu. Ya roƙa wa matafiya sauka lafiya da aiki karɓaɓɓe. Yana shirin cewa a yi Fatiha sai aka ji murya daga ɓangaren mata, Malam a sa da marasa lafiya da ke kwance a asibiti. Ya sa su. Ya sake kawowa ƙarshe, muryar ta ce a sa da damina mai zuwa. Daga nan masu naƙuda, daga nan ɗalibai masu jarrabawa, daga nan 'yan kasuwa. Da Lantana mai muryar ta ga direban ya fara motsi sai ta ce a sa da direban motar nan da iyalinsa, dole ya ɗaga hannu sama da na kowa. Da mutane suka ga ƙofa ta buɗe, kowa ya fara miƙo tasa. Jami'in yana amin, agogonsa na kallonsa daga cikin hannu, amma wa zai ce wa Liman ya isa haka? Abin da Lantana take nema guda ɗaya ne, ta ja su har ɗaya da rabi a kira azahar.

Saura minti goma a kira sallar buƙatu suka ƙare. Liman ya ɗan karkato kai wajen mata, bai ji komai ba, ya fara kai tafin hannu fuska. Lantana tana da ɗa, saurayi, wanda ya bi ta sahara neman ƙetarawa Turai. Daga Agadas ya bugo mata waya ta ƙarshe, shekara uku ke nan. Tun daga lokacin ta hana a ambace shi, ko a gidan biki aka ɗauko zancensa tashi take yi. Ranar ita da kanta, a gaban gari guda, ta ce, "Malam, a sa da 'ya'yanmu da suka tafi ba labari." Ashe ba ita kaɗai ba ce, iyaye biyar ko shida a wurin abin ya shafa, cikinsu har da masu zaune a motar. Liman ya daɗe a kan wannan, ba kuma don riƙe mota ba. Waɗanda ke wurin sun ce jami'in ma bai ƙara duban agogo ba. Suna cikin haka ladan ya kira sallah. Ba maniyyacin da zai fara tafiyar Makka da tsallake jam'i a ƙofar masallaci, kowa ya sauko neman ruwan alwala.

Mu a gida ba mu san wannan ba. Hansatu ce ta ce a je dai ko ƙurar motar a gani. Tabawa ta saka kayan da ɗan sanyinsu, ta mayar da abubuwan nan goma sha bakwai haɓar zane, har da lanƙwasasshen fil ɗina, ta yi musu ƙulli biyu. Muka tari adaidaita sahu, kafin mu isa iskar bazara ta busar da hijabin. Muna shan kwana muka hango motar a tsaye, mutane na fitowa daga masallaci suna neman takalma. Jami'in ya dube ta sama da ƙasa, ya duba takardarsa, ya nuna mata ƙofa.

Ta zauna a bakin taga, su ukun suka tsaya a ƙasa. Hansatu na dafe da ƙugu, Haladu da tsumma a yatsa yana ta tari, Lantana ido a kumbure. Ba wanda ya tuna mata alkawari, amma kowa ya san yana nan. Na matsa na ce mata ta haɗa su duka mana a huta, na san ku ma abin da za ku ce ke nan. Ta ce, "Zan haɗa su, Yalwa, su da ku goma sha bakwai ɗin nan. Amma harshe ɗaya gare ni, dole suna ɗaya ya riga fita, kuma na sa Allah a maganar. Ki tambayo mini masu hankali." Motar ta tashi.

Yanzu haka tana Madina. Jiya da hantsi ta bugo mini, ta ce jibi za su wuce Makka, kuma har yanzu ta kasa yankewa. Liman ya ce a cire shi daga lissafin, ladansa na wajen Allah. Ni ma kada wanda ya sa ni, nawa aikin kun ji irinsa.

Da ba don Hansatu ba, da taɓarya ta gama da zanen, ko kuma mu wuni muna zagaya injin ba mu san inda ciwon yake ba. Ta durƙusa da cikin da aka hana ta sunkuyo da shi, kuma cikin nan ne take tsoron ya bi 'yan'uwansa. Wasu a unguwarmu sun ce ai ita ta sa zanen a injin, wasu suka ce ba ita ta ƙulla ƙullin ba.

Da ba don Haladu ba, da sanin Hansatu ya tsaya a bakin marfi, ruwan na nan, ƙofar na kulle har gobe. Ya sha omo, ya zubar da jini, ya bar shinkafarsa da ƙishirwa a shekarar da in ta ƙi shi fadamar ubansa za ta bar gidan. Amma shi ne ya ɗauko taɓarya.

Da ba don Lantana ba, da an fito da zane wankakke a tarar da fili wayam. Ba ta taɓa injin da yatsa ba, ba ta jiƙe ba, abin da ta bayar kawai maganar da ta shekara uku tana haɗiyewa. In kuma ita aka zaɓa, a gaban Ka'aba ne uwarta za ta fara kiran sunanta tun da ta haife ta.

Gobe da safe zan buga mata, kuma abin da kuka yanke shi zan faɗa. To, ku gaya mini, cikin su ukun nan sunan wa ya kamata ya fara fita daga bakin Tabawa?